Rasuwar Don Anacleto, Mai Tsaron Muryoyi

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da har yau bai bar ta ta zauna ba, Leonilde Asprilla Copete, tsohuwar malamar firamare, ta unguwar La Yesquita a nan Quibdó, tana sanar da dangi da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa takowa gidan nan don ya ji muryar mamacinsa, rasuwar Don Anacleto, katin da ke riƙe da faya-fayan ajiya guda huɗu na kwamfutar Ɗakin Muryoyi. Ya cika ranar Talata, ashirin da uku ga Nuwamba, 1999, da misalin ƙarfe goma na safe, ana tsuga ruwa kamar kullum. Ya rasu yana da shekara biyu da wata bakwai ba kwana uku, bayan doguwar jinya wadda ba a gane kanta ba sai da lokaci ya ƙure.

Mai sanarwar ta san akwai waɗanda za su karanta wannan takarda a ƙofar coci su yi dariya, su ce ritaya ta taɓa kan malama. Ta yafe musu tun kafin su yi. Da yawansu sun zauna a kan bencin ɗakin nan sun sha kuka har da majina, kuma ba wanda ya yi musu dariya.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, marigayin kore ne, siriri, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba, yana da jerin haƙoran zinare a gindinsa da 'yar fitila ja guda ɗaya a baya. Aikinsa shi ne ya raba duk abin da aka ba shi ajiya tsakanin faya-fayai huɗu, ta yadda ko ɗaya ya mutu, sauran ukun za su haɗa kai su tuno abin da ɗan'uwansu ya tafi da shi. Daga kalandar waliyyai aka raɗa masa suna, kamar yadda ake yi wa kowane ɗan halak a garin nan, domin a ranar waliyyi Anacleto ya sauka daga jirgin Medellín. "Don" ɗin kuwa, laƙabin girmamawa da ake ba dattawa, kamun kansa ne ya jawo masa.

Amanar da aka ba shi ba ƙarama ba ce. Shekara goma sha ɗaya Leonilde ta yi tana shiga kwalekwale duk hutun makaranta, da rikoda a ɗaure cikin leda biyu, tana bin kogin Atrato ƙauye-ƙauye, tana ɗaukar waƙoƙin da tsofaffi ke yi wa mamaci a kwanakin makoki. Ta tara murya ɗari uku da goma sha biyu. To amma a garin da riga ke kwana uku a igiya ba ta bushe ba, kaset ba ya daɗewa. Fumfuna ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A 1996 aka juye su cikin kwamfuta da ƙyar, bayan haka suka manne da juna, aka kwashe aka zubar. Ba a shekara ba, tsofaffin faya-fayan da aka juye wa su ma suka fara tari. Shi ya sa aka aika a kawo Don Anacleto.

A cikin ɗari uku da sha biyun nan akwai guda ɗaya wadda saboda ita ake wannan sanarwa, kuma mai sanarwar ba za ta ɓoye ba. Minti goma sha tara ce, ta mahaifiyarta, Ma Tránsito Copete, tana rera waƙar sallama, wadda ake yi da asubar rana ta tara idan za a kwance teburin makoki a sallami rai ya kama hanyarsa. Baiti ashirin da bakwai gare ta, kuma daga nan har bakin teku Ma Tránsito kaɗai ta san su duka. Shekara tara tsohuwar tana ƙin rikoda, tana cewa waƙar matattu ba kifi ba ce da za a barbaɗa wa gishiri a ajiye. Sau ɗaya tak ta yarda, wata Lahadi bayan cin abinci. Ita kuwa Leonilde ba ta waƙa. Makarantar horon malamai ta koya mata cewa wannan harkar ƙauyawa ce, ta yarda da su tun tana da sha shida, ta rufe bakinta. Da ta girma ta gane wautarta, girman kai ya hana ta durƙusawa gaban uwarta ta ce koya mini, sai ta je ta sayi rikoda.

Marigayin ya iso gidan a mummunan lokaci, kuma ba laifinsa ba ne. Ma Tránsito ta rasu a makon. An binne ta ranar Talata, shi ya sauka ranar Asabar, ya tarar da gida cike da mata cikin baƙaƙen kaya, da farin zane a bango, da kofin ruwa a kan teburin makoki don rai ya sha in ya zo wucewa. Wanda ya kawo shi shi ne Eladio Hinestroza, mai gyaran rediyo da kwamfuta a titin kasuwa, wanda ya tsaya wa 'yar Leonilde a wurin baftisma, saboda haka compadre ɗinta ne. Eladio ba shi da murya, bai iya doguwar addu'a ba, in ya zauna a wurin makoki bai san inda zai sa hannuwansa ba. Ya ce mata tun da ba abin da zai iya yi wa tsohuwa, a bar shi ya shiga ɗakin ƙasa ya killace muryarta inda danshi ba zai kai ba. Ta ce ya je.

Kowa ya san a kwana taran nan ba a kunna rediyo a gida, ba a kaɗa komai, ko fito ba a yi. Eladio ɗan gari ne. Kafin ya taɓa sukundireba sai da ya zare wayar lasifika ya naɗe ya sa a aljihu, ya kuma manna filasta a bakin 'yar ƙararrawar katin, don kada na'ura ta yi ƙara ta ba shi kunya a gaban masu makoki. Kwana biyar yana aiki shiru. Ya juye muryoyin duka, ya duba sunayensu, ya sake dubawa. Ya zare faifai ɗaya da gangan ya ga Don Anacleto ya tuno komai da sauran ukun, ya mayar, ya zare wani. Babu gwajin da bai yi ba sai guda ɗaya: bai kunna ko murya ɗaya ya saurara ba. Kuma duk wanda ya ce da shi ne zai kunna, da gawar Ma Tránsito ba ta huce a ƙasa ba, ƙarya yake yi. Ranar da aka sallami ranta, da guntattakin baitocin da matan unguwa suka iya harhaɗawa, ya rufe akwatin kwamfutar, ya mayar da wayar lasifika, ya ɓamɓare filastar, ya wuce gida. Tsofaffin faya-fayan ba su ƙara wata guda ba suka cika.

Marigayin ya kasance mai ƙarancin magana. Kowace safiya kalma ɗaya yake yi, tit, daga nan ya tashi 'ya'yansa huɗu ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya yi wuuu ya daidaita kafin na gaba ya motsa, domin ba ya son su yi rububin wuta. Ya jure ɗaukewar lantarki da ba ta ƙirguwa. Ya jure tururuwa, ya jure tsakar da ta shiga ta mutu a kan cikinsa. A watan Fabrairun 1998 faifai na uku ya faɗi matacce, marigayin ya yi tit-tit-tit har aka zo, sannan ya ɗauki nauyin gidan da 'ya'ya uku tsawon kwana goma sha tara kafin sabo ya iso, bai zubar da ko numfashi ɗaya ba. Babban halinsa kuwa shi ne ba ya iya ganin ɓarna ya wuce. In ya nemi wani wuri a faifai bai samu amsa a kan lokaci ba, sai ya ɗauka wurin ya kamu da ciwo, ya tambayi sauran faya-fayan abin da ke wurin, ya sake rubuta shi sabo. Ba ya jira a sa shi. Mai sanarwar ta sha yabon wannan hali a gaban baƙi, amma yanzu ta daina.

A shekarar da ya zo ne masu bindiga suka rufe kogi, ƙauyuka suka tuttuɗo cikin gari da abin da kai zai iya ɗauka. Labari ya bazu a tsakaninsu cewa a La Yesquita akwai ɗakin da kakarka ke waƙa har yanzu. Suka riƙa zuwa, wani da ayaba a hannu, wani hannu rabbana, su zauna a benci su faɗi suna da ƙauye, Leonilde ta nemo musu. Akwai wani mai kwalekwale daga Beté da ke zuwa duk Juma'a ya ji matarsa, ya cire hula, in ta gama ya ce mata sai wani satin. Don Anacleto bai taɓa ce wa kowa ya gaji ba.

Akwai kuma mai zuwa wadda ba a sani ba. Kullum da tsakar rana, in an rufe ɗakin kowa ya tafi cin abinci, Leonilde takan sa sakata ta zauna ta kunna mahaifiyarta. Ba ta gaya wa kowa ba, domin ba a kiran wanda aka riga aka sallama, kuma ƙanwar mahaifiyarta, Tía Dominga, wadda ta shekara hamsin tana yi wa Ma Tránsito amshi, ta ja mata kunne a kan haka tun ranar da aka kwance teburi.

Ciwon ya fara ne a wata na huɗu, da ɗan tak a baiti na tara, kamar an taka busasshen ƙirare. Leonilde ta ce kunnenta ne. Bayan sati biyu aka rasa wani jan numfashi da ta sani sarai yana nan kafin baiti na biyar. Daga nan kalma ta ɓace, sai rabin layi. Wata rana da tsakar rana, a tsakiyar baiti na goma sha biyu, Ma Tránsito ta yi shiru, muryar namiji ta fito ta rera kalma uku na wata waƙa daban, sannan tsohuwar ta ɗora daga inda ta tsaya kamar ba abin da ya faru. Leonilde ta gane muryar. Don Casimiro ne na Tagachí, wanda ya shekara shida a kabari, kuma bai taɓa haɗuwa da mahaifiyarta ba a duniya. Ta zare sakata ta fita ta tsaya cikin ruwan sama ba lema, har maƙwabciya ta leƙo ta tambaye ta ko lafiya. Washegari ta sake kunnawa, yana nan, a daidai wurin.

Sai ga ciwon a wasu muryoyin ma. A cikin waƙar matar mai kwalekwale aka fara jin kukan kazar wani ƙauye da tarin wata tsohuwa. Aka ce matattu ne ke ziyartar juna a cikin akwati, tun da an kore su daga makwancinsu an tara su wuri guda. Wasu suka daina zuwa, da yawa kuma suka ƙara zuwa saboda haka. Fada, limamin coci, ya zo ya yayyafa ruwan tsarki daga bakin ƙofa, don Eladio ya rantse in ɗigo ɗaya ya taɓa na'urar zai bar coci. Tía Dominga ko kallon ƙofar ba ta yi in za ta wuce. Sau ɗaya ta tare Leonilde a matakala.

"Ke 'yar nan, ina wurin aka sallame ta, ni na yi amshi," in ji ta. "Kada ki ce mini ba kya shiga, ina ganin idonki in kin fito. Yayata ba lalacewa take yi ba, tafiya take yi. Kin riƙe mata zane, shi ya sa take kwashe kayanta kaɗan-kaɗan."

Leonilde ta ce mata na'ura ce kawai, Tía, za a gyara. Amma ranar ba ta iya cin abinci ba.

Ba a bar marigayin ba magani ba. Sau goma sha huɗu Eladio ya zo duba shi. Sai dai Eladio yana da yadda yake aiki, wanda ya koya tun yana gyaran injin kwalekwale: da ya shigo sai ya ce a kashe komai a yi shiru, ya dafa tsinin sukundireba a jikin faifai, ya kara ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Kuma duk zuwan da ya yi, Don Anacleto lafiyarsa lau, tit ɗinsa tsaf, 'ya'yansa na juyawa daidai. Ya sake wayoyi. Ya ɗora wa danshi laifi, ya kunna ƙwan lantarki a cikin akwatin, ya cusa ƙullin shinkafa a gefe. Ya ɗora wa wuta laifi. Ya yi wa muryar Ma Tránsito kwafi ya ajiye a gefe, amma a cikin faya-fayan nan huɗu dai, don babu wani wurin, kuma shi ma kwafin mai sanarwar ta bi shi da sauraro har ya rame. A zuwa na shida ya goge gumi ya tambaye ta ko tana yawan kunna ta tsohuwa, don ya ga ta fi kowacce jin jiki.

"Jefi-jefi, compadre," in ji ta.

Wannan ƙaryar ita ce kason mai sanarwar a cikin mutuwar nan, kuma ta rubuta ta da hannunta don kada a ɗora wa Eladio duka. Gaskiyar ita ce da waƙar ta fara zubewa sai ta ƙara yawan ji, sau biyu a rana, sau uku, don ta ga me ya rage. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ke sa mutum ya yi ta taɓa haƙori mai girgiɗi da harshe.

An gane cutar ranar Asabar, ashirin ga Nuwamba. Eladio ya zo ba a kira shi ba, da kifi a naɗe cikin ganye wanda matarsa ta ce ya kawo. Ruwa ya kumbura ƙyauren ɗakin, sakata ba ta shiga ba, ya tura ya tsaya. Karo na farko ke nan cikin shekara biyu da rabi da ya kasance a ɗakin murya na fita. Bai kalli Leonilde ba, wadda ta daskare a kujera. Bayan akwatin ya kalla. Ya ga jar fitilar ta ƙame ta ƙi ƙiftawa, sannan ya ji faya-fayan sun yi krrr, krrr, kuma kunnensa ya san bambancin ƙarar karatu da ƙarar rubutu. Kifin ya faɗi ƙasa.

"Comadre, kashe."

"Saura baiti biyu."

"Don girman Allah ki kashe. Rubutu yake yi. Ba wanda ya ba shi abin rubutawa, kuma rubutu yake yi."

Ya buɗe akwatin ya haska da tocila, ya daɗe yana kallo. Abin da ya bayyana mata daga baya shi ne wannan. A cikin kwamfuta kowane kati yana da nasa layin da yake kiran ƙwaƙwalwar na'ura in yana da magana. Layukan suna da lamba, kuma ana zaɓa wa kati lambarsa da wata 'yar hular roba baƙa wadda ba ta kai ƙwayar masara ba. Eladio ya sa Don Anacleto a kan goma. Katin sauti kuwa, mai fitar da murya a lasifika, a kan biyar aka saba samunsa, takardarsa kyankyasai sun cinye, Eladio kuma bai duba ba, ya ɗauka yana inda 'yan'uwansa suke zama. Ashe wanda ya haɗa na'urar tun farko ya mayar da shi goma. In ana shiru, katin sauti ba ya buɗe baki, layin na Don Anacleto ne shi kaɗai, shi ya sa bai taɓa nuna ciwo a gaban likitansa ba. Da an kunna murya sai katin sauti ya kama kira ba tsayawa, kiran Don Anacleto ya nutse a ciki. Ya jira amsa, shiru. Sai halin nan nasa ya motsa, ya ce wurin ya kamu, ya tashi gyara. Gyaran ma a katse shi, ya ajiye rabi, ko ya ɗauko guntun wani ya liƙa a wurin. Duk sauraro ɗaya, sai ya kankare wani abu daga muryar da ake sauraro.

Eladio ya zauna daɓas a ƙasa kusa da kifin.

"Sau nawa, comadre?"

"Kullum."

"Tun yaushe?"

"Tun rana ta goma."

Ya roƙe ta hantsakin girarta, ya ciro 'yar hular daga goma ya sa ta a sha ɗaya. Aikin bai kai tsawon lokacin da mutum zai yi alamar gicciye ba.

Marigayin ya yi kwana uku da layinsa na kansa, wanda bai taɓa samu ba a rayuwarsa. A cikinsu Eladio ya aro faya-fayai daga wurare uku ya kwashe muryoyin kaf, kuma Don Anacleto ya miƙo su ɗaya bayan ɗaya ba gardama. Ranar Talata da safe, da ta ƙarshe ta fita, ya yi wata doguwar tiiiiit da ba a taɓa jin irinta daga bakinsa ba, fitilarsa ta mutu, ɗakin ya ɗauki ƙauri. Eladio ya ce danshi ne ya cinye wani ɗan ƙarfe a jikinsa. Mai sanarwar ba ta yi masa musu ba, tana da nata tunanin.

Marigayin ya bar 'ya'ya huɗu, ɗaya na riƙo ne, duk suna kwance a kan shiryayye ba mai tashinsu. Ya bar maƙwabcinsa katin sauti, wanda ba shi da laifi a wurin kowa, amma mai sanarwar ba ta iya haɗa ido da shi. Ya bar Eladio Hinestroza, wanda bai buɗe shago ba tun ranar, kuma ana roƙon jama'a su daina yi masa tambaya a hanya. Ya bar murya ɗari biyu da arba'in da ɗaya lafiya lau, ko ƙwarzane babu, waɗanda su ne ba wanda ya taɓa zuwa nemansu. Sauran kuwa kowacce ta ji ciwo gwargwadon masu sonta. Matar mai kwalekwale ta tsira da minti shida cikin sha ɗaya, da kazar a ciki, kuma mijin ya ce a bar masa kazar, ya saba da ita.

Daga Ma Tránsito ya bar minti uku da daƙiƙa goma, tsaf, kamar yau aka ɗauka. Su ne na farkon kaset ɗin, kafin waƙa. Sun tsira ne saboda kullum Leonilde takan tsallake su ta tafi kai tsaye inda waƙar ta fara, kuma ta san dalilinta. Ranar Laraba ta zauna ta saurare su, karo na farko tun Lahadin da aka ɗauke su. Ana jin jan kujera, da cokali a kan kwano, da ruwa a kan kwanon rufi. Sai tsohuwar ta gyara murya.

"Kin kunna abin? To bari ya ji shi ma. Leonilde, akwatin nan ba zai tsaya a kaina da asuba ba. Ke za ki tsaya. Ajiye shi ki zo ki zauna nan, in na yi ki maimaita. Ashirin da bakwai ne fa kawai. Kin cusa wa 'ya'yan mutane abin da ya fi haka a ka."

Sai wata murya, ta mace mai sauri wadda ke ganin tana da lokaci, ta ce, "Mama, batir na ƙarewa, ki fara kawai."

Ana jin tsohuwar ta sauke ajiyar zuciya. Ta ja numfashi, ta ɗauki layin farko, kuma daga nan abin da ya rage tarkace ne.

A ranar ce mai sanarwar ta rufe ƙofa ta buɗe bakinta, tana da shekara sittin da ɗaya. Ta tarar waƙar tana cikinta, don abin da kunne ya ji sama da sau dubu dole ya zauna. Amma da raunukanta ta zauna. Jin baya-bayan nan ya binne na farko. Inda na'ura ke tsayawa, nan bakinta ke tsayawa, ta lalubo ta rasa. A baiti na tara harshenta ya yi tak da kansa. A na goma sha biyu ta ji kalmomi ukun Don Casimiro sun fito daga maƙogwaronta, ba ta kira su ba. Tía Dominga, mai shekara tamanin da huɗu, tana zaune a matakala ta ji duka ta bayan ƙyaure. Amshi kaɗai ta sani, ba ta taɓa riƙe baitocin ba, don aikin yayarta ne. Da Leonilde ta fito, tsohuwar ta ce muryar ba daɗi, amma hanyar ce, kuma ita ba ta da wani lokaci mai yawa, gara a yi gwaji a kan wannan koren katin kafin a zo kanta.

Allah ya ji ƙan Don Anacleto, in ana jin ƙan irinsu. Ya riƙe amana iyakar saninsa, kuma bai taɓa sanin me yake yi ba.

Za a yi jana'izarsa ranar Asabar, ashirin da bakwai ga Nuwamba, da ƙarfe huɗu na yamma, a bayan gida, ƙarƙashin gadon katakon da Ma Tránsito ke shuka ganyayen miya a kai. Za a naɗe shi a ledar azurfar da ya zo a ciki, a sa shi a gwangwanin biskit. Eladio ne zai ɗauke shi, shi ya roƙa. Daga ranar za a rufe Ɗakin Muryoyi kwana tara, ba rediyo, ba lasifika. Ba a buƙatar furanni. Akwai kofi da burodi ga wanda ya zo.

Ranar Lahadi, biyar ga Disamba, da ƙarfe biyar na asuba, za a kwance teburi a yi waƙar sallama. Ana gayyatar musamman duk wanda Ma Tránsito ta taɓa sallamar mamacinsa, daga kowane ƙauye, ko shekara arba'in da suka wuce ne. Ba a yarda kowa ya shigo da rikoda ba, za a duba jaka a ƙofa. Leonilde Asprilla Copete ce za ta ja waƙar, Tía Dominga ta yi amshi.

Mai ja za ta yi shiru a wurare arba'in da ɗaya. Kada a yi tari, kada a ɗauka ta manta ne a yi mata uzuri. Wanda ya tuna abin da ke wurin, ya ɗaga murya ya faɗa, ko da kalma ɗaya ce. In ba wanda ya tuna, za a tsaya tsawon abin da ya ɓace, sannan Tía Dominga ta amsa, a ci gaba.